Bayan Akta Ya Gama Da Yaran Bos, Wa Ke Kai Su Asibiti?

Duk wanda ya taso yana kallon Indiya-Hausa ya san dokar nan da ba a rubuta ba: akta ba ya mutuwa, yaran bos kuma ba su da iyaye. A KGF ko Pushpa, mutum ɗaya zai shiga tsakiyar ƙarti talatin ya yi ta wurgi da su kamar buhunan ƙaiƙayi, wannan ya faɗa kan gilashin mota, wancan ya ragargaza teburin mai shayi, mai fassara yana ƙara gishiri, gidan kallo ya kaure da ihu. Da an yanke hoton shi ke nan, an wuce wajen waƙa. Ba a sake komawa kan wanda ya faɗa gilashin ba, balle mai shayin da aka zubar wa jari. Ni ma da ni ake ihun, kuma har gobe ina kallo. Amma akwai wani salon labarin jarumai da ya juya kyamara ya kalli waɗancan ƙarti talatin ɗin da mai shayin, kuma inda na ga ya fi yin ƙarfi shi ne a komik na intanet. Shi nake so mu tattauna yau.

Ga wanda bai saba ba, komik labari ne da ake bayarwa da zane, akwati bayan akwati, maganar mutane tana cikin wani ɗan kumfa a saman kansu. Superman da Batman da Spider-Man duk daga nan suka fito kafin su shiga fim, shi Superman tun 1938. Na intanet kuwa, mai zanen ne da kansa yake ɗora shafi ɗaya ko biyu a mako, kyauta, kowa ya buɗe a wayarsa ya karanta. Babu furodusa a kansa da zai ce surutu ya yi yawa, a sako faɗa. Wannan 'yancin shi ne asirin abin. Fim yana da awa biyu ko uku, dole a yi sauri. Mai komik na intanet yana iya kwashe wata guda cur yana zana mutum biyu zaune a ɗakin asibiti suna magana, babu wanda zai hana shi.

Wanda ya fi dacewa da maganarmu shi ne Strong Female Protagonist, wanda Brennan Lee Mulligan ya rubuta, Molly Ostertag ta zana, daga 2012 zuwa 2018 a Amurka. Jarumar sunanta Alison Green. Tun tana 'yar budurwa ta samu ƙarfin da ya wuce na kowa, harsashi ba ya huda ta, tana iya ɗaga mota ta yi jifa da ita. Ta yi shekaru tana sa kayan jarumai da sunan Mega Girl, tana dukan miyagu da manyan mutum-mutumi na ƙarfe. Sai rana ɗaya, ana tsaka da hira da ita a talabijin, ta cire abin rufe fuskarta ta ce ta daina. Dalilinta shi ne ta yi ta naushi shekara da shekaru amma ba ta ga yunwa ko talauci ko cuta sun ragu ba. Labarin yana farawa ne daga nan, bayan ta ajiye aikin ta shiga jami'a a New York, wato daidai wurin da sauran labarai suke rubuta ƙarshe.

Wurin da ya fi tsaya min shi ne na wani malaminta. Mutumin nan ya tsane ta, yana ci mata fuska, ita kuma ba ta san me ta yi masa ba. Magana ta kai ga hukumar makaranta, aka raba shi da aikinsa. Daga baya ne ta gano cewa mutumin da ya fi kowa kusa da shi a duniya ya mutu a ɗaya daga cikin faɗace-faɗacen da ta yi lokacin tana Mega Girl. Ba ta nufe shi ba, ba ta ma san da zamansa ba. Tana can tana ceton gari, gini ya rufta, shi yana ciki. Ka duba fa: ta raba malamin da nasa, sannan ta raba shi da abincinsa, duk ba da niyya ba, kuma babu wani bos da za ta je ta daka a ce an rama. Abin da ya rage mata kawai shi ne ta zauna da sanin abin.

Akwai kuma Cleaver, wani ƙaton mugu mai hannaye kamar adduna. A wani labarin da an buge shi an wuce. A nan kuwa bayan ta yi masa dukan kawo wuƙa an kulle shi, sai ta riƙa kai masa ziyara, mai karatu ya gane cewa jikin nan nasa mai ban tsoro azaba ne a gare shi, ciwo ne da ba ya barinsa. Sai Feral, wadda duk abin da aka yanke a jikinta yake sake tsirowa nan take. Ita ta yi lissafi ta ga cewa faɗa da miyagu ba zai ceci mutane da yawa ba, don haka ta kwanta a gadon tiyata likitoci su riƙa cire zuciyarta da hantarta da ƙodarta suna dasa wa marasa lafiya, suna tsirowa ana sake cirewa, kuma allurar kashe zafi ba ta kama ta. Ranar da wani ya shigo asibitin da abin feshin wuta ya ƙone ma'aikatan da ke wannan aiki, Alison ta kashe shi nan take, ta juya kan taron masu zanga-zanga tana yi musu barazana a gaban kyamarori. Ba a zana wurin don ka yi tafi ba. An zana shi ne don ka ji tsoronta, ka tuna cewa mutumin da ba a iya tsayar da shi abin tsoro ne ko da yana ɓangarenka.

Ba ita kaɗai ba ce. One-Punch Man, wanda da yawanku kuka sani a katun ɗin Japan, shi ma a intanet ya fara a 2009, wani mai kiran kansa ONE ne yake zana shi. Duk da barkwanci ne, akwai inda Saitama ya fasa wani ƙaton dutse da ke faɗowa daga sama da naushi ɗaya, ɓaraguzan suka rushe gidajen birnin, mutanen da ya ceta suka taru suna zaginsa. Tun kafin intanet ma manyan kamfanoni sun taɓa gwadawa. A 1973, a fitowa ta 121 ta The Amazing Spider-Man, an jefo budurwarsa Gwen Stacy daga saman gada, ya harba zarensa ya kamo ƙafarta, amma tsayawar da ta yi farat ɗaya ta karya mata wuya. Ceton ne ya kashe ta. Kimiyya kuma ta yarda da haka, jikin da ke faɗowa da gudu ba a tsayar da shi lokaci guda a zauna lafiya, ko da hannun masoyi ne ya tare shi. Invincible na Robert Kirkman, wanda ya zama katun a 2021, ya kai abin ƙarshe: uba da ɗa suna faɗa a Chicago, ana nuna maka gawar waɗanda ke cikin jirgin ƙasa da gidajen da suka bi ta ciki, shi kansa jarumin sai a gadon asibiti ya farka.

Wanda ya shafe mu kai tsaye shi ne Captain America: Civil War na 2016, don a Legas aka buɗe labarin, ko da yake a Atlanta aka ɗauki hoton. Wanda Maximoff ta ɗaga bam sama don ta ceci mutanen kasuwa, ya tashi a jikin wani bene ya kashe na ciki. Daga nan ƙasashe 117 suka amince da yarjejeniyar Sokovia don a sa wa jarumai linzami. Fim ɗin ya yi ƙoƙari, musamman inda wata uwa ta tare Tony Stark da hoton ɗanta da ya mutu a Sokovia. Amma ku lura da wani abu. An ƙirga mana 'yan Wakanda 11 da suka mutu a benen, sarkinsu ya fito ya yi magana. Mutanen Legas kuwa, ko sunan mutum ɗaya ba a faɗa ba. Ko a fim ɗin da ya ce zai ƙirga gawa, mu ne dai yaran da ba su da iyaye.

To me ake nufi da a nuna abin yadda yake? Sai mun san me duka yake yi wa jiki da gaske, don fim ya koya mana ƙarya da yawa.

Babbar ƙaryar ita ce suma. A fim ana buga wa mai gadi gindin bindiga a ƙeya, ya kwanta kamar mai barci, bayan awa biyu ya tashi yana sosa kai. A wajen likitoci duk sumar da ta biyo bayan bugu a kai rauni ne a ƙwaƙwalwa, idan kuma ta wuce minti 30 an fita daga sahun ƙaramin rauni. Mafi haɗari ma shi ne wanda ya farfaɗo. A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashin siriri ne, kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. Gora ɗaya a nan tana iya tsinka ta. Mutum ya tashi, ya yi magana, har ya yi dariya ya ce ba komai, alhali jini yana taruwa a cikin ƙoƙon kansa yana danne ƙwaƙwalwa. Bayan 'yan awoyi sai ciwon kai, sai amai, sai barci mai nauyi, a ce a bar shi ya huta. Wasu daga wannan barcin ba sa tashi. Don Allah, in aka bugi wani a kai ya suma, ko na minti ɗaya ne, ko kuma ya fara amai da rikicewar magana, asibiti za a nufa da shi a daren, kar a jira safiya.

Sai jini. Babban mutum yana da kusan lita 5 a jikinsa, in ya rasa lita 2 rayuwarsa tana kan siraɗi. Karayar ƙashin cinya kaɗai tana iya zubar da lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cikin cinyar, ba tare da ka ga ko ɗigo a ƙasa ba. Ƙashin kuma yana ɗaukar wata 3 zuwa 6 kafin ya haɗe. Akta yana ɗaure cinya da ɗankwalin budurwa ya ci gaba da gudu. Sara a hannu ma haka. Wanda aka kawo wa adda hannu yake sawa ya kare, a nan kuwa jijiyoyin da ke motsa yatsu suke. Ko an ɗinke su da kyau, jijiyar ji tana tsirowa ne kusan milimita ɗaya a rana, wato daga tsintsiyar hannu zuwa kan yatsa watanni ne, kuma ba lallai ta dawo daidai ba. Tela ko makanike ko mai gyaran waya da aka sara a nan, ransa ya tsira amma sana'ar ta tafi. Shi kansa mai naushin ba ya tsira: ƙoƙon kai ya fi ƙasusuwan hannu ƙarfi, wanda ya naushi kai da hannu tsirara sau da yawa ƙashin bayan ƙaramin yatsansa ne yake karyewa.

'Yan dambe sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa suke naɗe hannu da ƙara da zare kafin su shiga fili. Ku ma dubi kalmar da suke amfani da ita: wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa sai a ce ya kashe shi. Kuma duk da kirarin da Ɗan Anace ya zuba wa Shago, dambe yana da turmi, yana da masu raba, da ɗaya ya taɓa ƙasa an tsaya. Mutanen da suka san duka a jikinsu sun kafa masa iyaka. Mu da muka san shi a gilashin waya ne muke ganin ba shi da ƙarshe.

Yanzu mu kawo abin gida, mu ɗora shi a kan taswirarmu. A ce faɗa ya kaure a wani ƙauye bayan Basirka, kan iyakar gona ne, ko kan budurwa, ko bayan taron siyasa, aka karya wa saurayi cinya a watan Yuni. Farko dai sai an nemo mota, in dare ne sai an tashi mai ita an biya abin da ya ce. A kai shi Gwaram, in abin ya fi ƙarfinsu a wuce FMC ta Birnin Kudu, in ana buƙatar babban aikin ƙashi a nufi Dala a Kano, tafiyar sama da kilomita 100 da karyayyen ƙashi. A nemo masu ba da jini cikin dangi. Kuɗin hoto, kuɗin aiki, kuɗin ƙarfen da za a sa, magani, abincin mai jinya. Na taɓa yin jinyar ɗan uwa a ɗakin masu karaya, kuma abin da na fi ji a bakin mutane a wurin lissafi ne, wace akuya aka sayar, buhu nawa ya rage a rumbu, wa za a kira ya ranto. Wasu in lissafin ya ƙi sai su koma wajen mai ɗori. Akwai karayar da masu ɗori suke dacewa, amma in aka matse karan ɗori jini ya daina zagayawa, ƙafa ruɓewa take yi, ƙarshenta a yanke. Sannan ga damina. Wanda aka karya a Yuni ba zai yi noman fari ba, ba zai yi maimai ba, sai dai ya ga girbin wasu daga kan tabarma. Gora ɗaya ta cinye abincin gida na shekara. Shi kuma wanda ya buga gorar yana tsare, mahaifinsa yana zarya tsakanin ofishin 'yan sanda da kotu da gidan mai gari, shi ma tasa gonar ciyawa ta cinye.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne wannan lissafi ba baƙo ba ne a wajenmu. Duk wanda ya zauna a gaban malam ya ji babin diyya: rai raƙuma 100, ido ɗaya rabin haka, yatsa ɗaya raƙuma 10, haƙori ɗaya raƙuma 5. Kisan kuskure ma yana da diyya, kuma dangin wanda ya yi ne suke haɗuwa su biya. Wato abin da Wanda ta yi a Legas da abin da Alison ta yi wa malaminta, fiƙihu ya riga ya ba shi suna ya yanka masa farashi, kyakkyawar niyya ba ta goge shi. Ka gwada ƙirga haƙoran da Rocky Bhai ya zubar a KGF kashi na biyu ka ninka da biyar, ka ga ko zinaren ma'adinan zai isa.

Wannan ya kawo mu Kannywood. A Satumban 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, lokacin Isma'il Na'abba Afakallah, ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A 2024, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, aka sake sanar da hana na daba. Damuwarsu ba ta banza ba ce. Duk mun ga yadda shirin A Duniya na Tijjani Asase ya karɓu, har sunan Abale ya bi Daddy Hikima ya kusa danne nasa, yara a lungu suna kwaikwayon tafiyar da salon maganar. Ko an nuna kamu da ɗauri a ƙarshe, abin da yake zama a kan yaro shi ne taƙamar. Amma a ganina hana nunawa gaba ɗaya bai taɓa tushen ba, don yaron da aka hana kallon na Kano zai je wajen mai tura fina-finai a cika masa memori da na Indiya, inda ake kashe mutum ɗari babu ko jana'iza ɗaya. Matsalar tana wurin da ake yanke hoton. Ana ba mu saran, ana ɓoye mana wata shidan da ke biye da shi.

Kuma abin haushi, wata shidan nan shi ne ainihin abin da Kannywood ta fi kowa iyawa. Ba mu da kuɗin rushe bene ko kifar da mota goma. Amma uwa zaune a bakin gadon asibiti, kawu yana lissafin abin da za a sayar, amarya da aka ɗaga bikinta saboda ango ya rasa hannu, dattawan gida biyu a zauren mai unguwa ana maganar diyya ko yafiya, wannan ai ɗaki ɗaya ne da kyamara ɗaya da 'yan wasan da suka iya magana, kuma muna da su. Masu kallon da suka bi Labarina zango bayan zango saboda hirar falo ba za su gudu don an nuna musu jinya ba.

Ɓangaren zane kuma ƙofa a buɗe take. A Legas, Comic Republic da Jide Martin ya kafa a 2013 suna sakin komik ɗin jarumai irin su Guardian Prime kyauta a intanet. Roye Okupe ya yi Malika, wadda ya ɗauko hasken labarinta daga Sarauniya Amina ta Zazzau. Da Hausa ne har yanzu filin yake da faɗi, kuma ba ya buƙatar komai sai waya da manhajar zane da haƙuri. Mu nan zane ba baƙonmu ba ne, shanun da aka zana a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa sun girmi duk wani kamfanin komik a duniya.

Da ni mai zane ne, ga yadda zan tsara. Shafi na ɗaya, jarumin Gwaram mai ƙarfin ɗaga tirela ya kama ɓarawon babur a kasuwar Sara, ya ɗaga shi ya yi wurgi da shi, kasuwa ta ɗauki sowa. Ɓarawon ya sauka a kan rumfar wani dattijo mai sayar da riɗi, ginshiƙin rumfar ya faɗo wa almajirin da ke tallan ruwa a ƙafa. Shafi na biyu zuwa na arba'in, jarumin yana bayan a-kori-kura riƙe da ƙafar yaron a hanyar Birnin Kudu, yana tsoron matsawa don kar ya ƙara karya ta, dattijon kuma yana biye da su a kan babur da takardar lissafin buhunansa a aljihu.